Farasitamol

Farasitamol magani ne da ake sha don rage raɗaɗin ciwo da saukar da zazzaɓi. Yana cikin magungunan da aka fi amfani da su a duniya, kuma a yawancin ƙasashe ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magungunan da ya kamata a samu a kowace cibiyar lafiya. Ana samun sa a matsayin ƙwaya, da na ruwa don yara, da wanda ake narkarwa a kofi, da na matsawa ta dubura, da kuma wanda ake sa wa majinyaci ta jijiya a asibiti. Idan an sha shi bisa ƙa'ida da wuya ya yi illa. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke yin amfani da wanda ke lalata hanta ba ta kai yadda mutane suke zato ba. A Amurka da Birtaniya, shan sa fiye da kima shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke sa hanta ta daina aiki farat ɗaya.

Suna

A jikin kwalin magani ana rubuta sunan da haruffan Turanci, Paracetamol. A Amurka da Kanada da Japan kuwa ana kiran sa Acetaminophen. Sunayen biyu an yanko su ne daga dogon sunansa na kimiyya, kuma abu ɗaya suke nufi. Da yake Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" a matsayin sautuka biyu masu canza ma'anar kalma, sai sunan ya shigo da "f", kamar yadda aka samu fensir da fasinja da famfo.

A bakin jama'a an fi jin "fanadol", daga Panadol, wanda sunan kasuwanci ne na kamfani ɗaya. Abin da ya faru da Omo da Maggi shi ya faru da shi, wato sunan haja ɗaya ya zama sunan kowace irinta. A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi sanin Doliprane da Efferalgan, a Amurka kuma Tylenol. Wannan yawan sunaye yana da alaƙa da lafiya kai tsaye. Akwai masu ɗauka cewa fanadol daban, farasitamol daban, har su sha wannan su bi da wancan, alhali magani ɗaya suka sha sau biyu.

Tarihi

Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Harmon Northrop Morse, ya harhaɗa farasitamol a shekarar 1878, amma ba a ɗauke shi a matsayin magani ba a lokacin. A 1886 likitoci biyu a birnin Strasbourg, Arnold Cahn da Paul Hepp, suka gano cewa wani sinadari mai suna asitanilid yana saukar da zazzaɓi, aka shiga sayar da shi da sunan Antifebrin. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Bayer na Jamus ya fito da ɗan'uwansa, fenasitin. A 1893 likita Joseph von Mering ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na farasitamol da fenasitin, inda ya fifita fenasitin bisa zaton farasitamol yana ɓata jini. Wannan hukunci ya sa aka yi watsi da maganin har kusan shekara hamsin.

A 1948 Bernard Brodie da Julius Axelrod, masu bincike a birnin New York, suka nuna cewa idan mutum ya sha asitanilid jiki yana mayar da shi farasitamol, kuma farasitamol ɗin ne ke kashe ciwon, ɓata jinin kuwa daga wani sinadari dabam yake zuwa. Daga nan kasuwarsa ta buɗe. Tylenol ya fito a Amurka a 1955 a matsayin maganin ruwa na yara, Panadol kuma ya fito a Birtaniya a 1956. Fenasitin, wanda aka fifita da farko, daga baya an janye shi daga kasuwa a ƙasashe da dama saboda yana lalata ƙoda. Rahotannin farko na lalacewar hanta sakamakon shan farasitamol da yawa sun bayyana a Birtaniya a 1966.

Amfaninsa da yadda yake aiki

Ana shan farasitamol don ciwon kai, ciwon haƙori, ciwon mara na al'ada, ciwon jiki na mura, da zafin jikin da kan biyo bayan allurar rigakafi. Yakan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya sake jiki. Galibin aikinsa a ƙwaƙwalwa da laka yake yi, inda yake rage wasu sinadarai masu isar da saƙon ciwo da masu ɗaga zafin jiki.

Ba ya rage kumburi sosai, saɓanin asfirin da ibufurofen da diklofenak. A ɗaya ɓangaren kuma ba ya cin bangon ciki kamar su, ba ya kuma tsinka jini, shi ya sa ake zaɓar sa ga masu gyambon ciki da kuma a cututtukan da ke iya kawo zubar jini irin su zazzaɓin dengi. Ga yara ma shi aka fi ba su, tun da an hana ba wa ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin saboda wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ba kowane ciwo yake ji ba. Wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2014, ya nuna cewa ga sabon ciwon baya bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta saurin warkarwa ba.

Adadin da babba zai sha

Ƙwayar da aka saba gani tana ɗauke da miligiram 500, abin da ake rubutawa 500mg a jikin kati. Babban mutum mai lafiya yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu a lokaci guda. Tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4. A cikin awa 24 kada a wuce sau 4, wato ƙwaya 8 ko giram 4. Ana lissafin awa 24 ɗin ne daga lokacin da aka fara sha, ba daga wayewar gari ba. Wanda ya sha ƙwaya shida daga la'asar zuwa tsakar dare, ba sabon lissafi zai buɗe da asuba ba.

Wannan iyaka ta mai nauyin kilo 50 ce zuwa sama. Wanda bai kai haka ba, kamar tsoho da ya rame ko matashiya maras jiki, ana auna masa ne da nauyi, kimanin miligiram 15 ga kowane kilo. Mai kilo 40 ke nan ƙwaya ɗaya ta ishe shi a sha ɗaya. Akwai kuma ƙwayoyi masu miligiram 650 da masu 1000, musamman irin waɗanda ake narkarwa a ruwa, don haka "sha biyu" ba ƙa'ida ba ce sai an duba lambar da ke jikin katin.

Ƙara adadi ba ya ƙara kashe ciwo. Idan ƙwaya biyu ba su yi ba, huɗu ma ba za su yi ba, nauyi kawai za su ƙara wa hanta. Haka nan mai azumi da yake da awa goma ko sha ɗaya tsakanin buɗa baki da sahur bai kamata ya matse shan yini guda a cikinsu ba. Tazarar awa 4 tana nan yadda take.

Yara

A wurin yara ne aka fi yin kuskure, domin adadin ya dogara da nauyin yaro, kuma kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk bayan awa 4 zuwa 6, ba fiye da sau 4 a awa 24 ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, ba a ba shi sai ma'aikacin lafiya ya duba shi.

Misali, yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 120 zuwa 180. Idan kwalbar mai miligiram 120 ce a kowace mililita 5, za a ba shi mililita 5 zuwa 7.5. Amma akwai kwalba ta manyan yara mai miligiram 250 a mililita 5. Idan uwa ta zuba mililita 7.5 ɗin da ta saba daga wannan, ta ba shi miligiram 375, fiye da ninki biyu. Na ɗigawa a bakin jarirai ya fi su duka ƙarfi, don yawanci miligiram 100 ne a mililita ɗaya tak. Ƙanƙantar kwalbarsa kan sa a zaci mai sauƙi ne, alhali cokali ɗaya nasa daidai yake da ƙwayar babba.

Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, domin wani ya ninka wani a girma. A yi amfani da ɗan kofi ko sirinji mai lamba da ke zuwa a cikin kwalin. A gidan da mutane da yawa ke kula da yaro, yana da kyau mutum ɗaya ya riƙe ba da maganin, ko a riƙa rubuta lokacin a jikin kwali, saboda yakan faru uwa ta ba shi, kaka ta shigo ta taɓa goshinsa ta ji zafi ta ƙara masa.

Manufar ba yaro farasitamol ita ce ya ji sauƙi ya iya shan ruwa da barci. Yaron da jikinsa ya yi ɗumi amma yana wasa yana cin abinci ba lallai ne a ba shi ba. Bincike ya kuma nuna cewa maganin ba ya hana jijjigar da zazzaɓi kan kawo wa ƙananan yara, don haka ɗura shi a kai a kai don tsoron jijjiga ba shi da amfani.

Farasitamol da ke ɓoye a wasu magunguna

Yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake sayarwa a kemis haɗi ne, kuma farasitamol ne ginshiƙinsu. Panadol Extra farasitamol ne da kafeyin. Procold da Mixagrip suna ɗauke da shi tare da maganin toshewar hanci da na atishawa. Akwai masu haɗa shi da ibufurofen, ko diklofenak, ko kodin, ko tiramadol.

A ɗauki mai mura da ke shan farasitamol biyu sau huɗu a rana. Ya riga ya cika giram 4. Idan ya ƙara da maganin mura mai miligiram 500 sau uku, ya kai giram 5.5 ba tare da ya karya umarnin ko ɗaya daga cikin kwalayen biyu ba. Kwana uku ko huɗu a haka na iya taɓa hanta. Matsalar ta fi tsanani da abin da ake kira "haɗi", inda mai kemis ko mai tallan magani ke ɓare ƙwayoyi kala-kala ya ƙulla a leda. Mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki, likitan da zai duba shi daga baya ma haka.

Abin da ke faruwa a hanta

Hanta ce ke sarrafa farasitamol. Kusan kashi 90 cikin 100 tana haɗa shi da wasu sinadarai ya zama maras illa ya fita ta fitsari. Ɗan ƙaramin kaso yana bin wata hanya ya zama guba da ake kira NAPQI. Hanta tana da tanadin wani sinadari mai suna gulutatiyon wanda ke kama wannan guba nan take. Muddin adadin da aka sha bai wuce kima ba, tanadin yana isa. Idan ya wuce, hanyar farko ta cika, gubar ta yi yawa, gulutatiyon ya ƙare, sai ta shiga kashe ƙwayoyin hanta.

Haɗarin wannan guba shi ne ba ta nuna kanta da wuri. A rana ta farko mutum na iya jin tashin zuciya da amai, ko ma ya ji garau. A rana ta biyu zuwa ta uku sai ciwo ya fara a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Daga rana ta uku zuwa ta huɗu ido da fata su yi rawaya kamar mai shawara, hankali ya rikice, jini ya ƙi daskarewa, wani lokaci ƙoda ma ta tsaya. A wannan mataki wasu ba sa tsira sai da dashen hanta.

Akwai makari, sunansa asitilsistin, wanda ke taimaka wa hanta ta sake tara gulutatiyon. An fara amfani da shi a shekarun 1970, kuma ana ba da shi ta ƙarin ruwa ko ta baki. Idan an fara shi cikin awa 8 da shan maganin, kusan kullum yana hana lalacewar hanta. Bayan haka ƙarfinsa yana raguwa, ko da yake har a lokacin ana ba da shi. Saboda haka duk wanda ya sha fiye da ƙa'ida, bisa kuskure ko da gangan, ko yaron da aka tarar da buɗaɗɗiyar kwalba a hannunsa, a kai shi asibiti nan take tare da kwalin maganin, ko da yana cewa lafiyarsa lau. Madara ko manja ko sa yatsa a maƙogwaro ba sa karya wannan guba, lokaci kawai suke ci.

A 1998 Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ake sayarwa a kwali ɗaya: 16 a kantuna, 32 a shagon magani. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa mutuwa ta dalilin farasitamol a Ingila da Wales ta ragu da kashi 43 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya.

Waɗanda ya kamata su nemi shawara tukuna

Masu ciwon hanta, ciki har da nau'in B wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba, likita kan rage musu iyakar zuwa giram 2 ko 3 a rana. Masu shan barasa kullum, da masu tamowa, da wanda ya yi kwanaki bai ci abinci sosai ba saboda rashin lafiya, tanadin gulutatiyon ɗinsu kaɗan ne. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya suna sa hanta ta ƙara samar da gubar. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, idan ya riƙa shan farasitamol kullum jininsa na iya tsinkewa fiye da yadda ake so. Wanda kuma ya ga ƙuraje ko kumburin fuska ko saɓulewar fata bayan ya sha, ya daina ya ga likita.

Ga mai juna biyu da mai shayarwa, farasitamol ne zaɓin farko, a sha mafi ƙarancin da zai yi aiki na ɗan lokaci. An yi ta muhawara kan ko shan sa da ciki yana da alaƙa da larurar galahanga a yara. Wani bincike a Suwidin kan yara sama da miliyan 2, wanda aka buga a 2024, bai ga alaƙar ba da aka kwatanta yara da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kai. Zazzaɓi mai zafi da aka bari ba magani shi kansa haɗari ne ga ciki.

Mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata yana iya faɗawa wani hali inda maganin ne da kansa ke dawo da ciwon kan.

Zazzaɓi alama ce

A Hausa kalmar zazzaɓi, ko masassara a wasu kare-karen harshen, tana nufin zafin jiki, tana kuma zama sunan cutar kanta. Idan aka ce "zazzaɓin ya sauka" sai a ji kamar an warke. Farasitamol zafin kawai yake saukarwa. Ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro, ko ta taifot, ko ta sanƙarau, ko ta Lassa. Yaro na iya yin gumi ya tashi ya yi wasa na awa huɗu, cutar kuwa tana ci gaba a jininsa. A wuraren da cizon sauro ya yi yawa, shawarar masana ita ce a yi gwajin jini cikin awa 24 da fara zazzaɓi, a kuma sha cikakken maganin cutar idan gwajin ya nuna ta.

Ba a tsayawa jiran aikin farasitamol idan jariri ɗan ƙasa da wata 3 ya yi zafin da ya kai digiri 38, ko majinyaci ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya kasa shan ruwa ko kama nono, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashe shi. Haka mai sikila da ya yi zazzaɓi. Ciwo ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3 ana shan magani shi ma na asibiti ne.

Gurɓataccen maganin ruwa

Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka masu yin na yara suna amfani da wasu sinadarai masu kauri da ɗan zaƙi wajen narkar da shi. Akwai wani sinadarin masana'antu mai kama da su, mai araha, sunansa dayetilin gilaikol, wanda ake sa wa a man birki. Yana kashe ƙoda. A 1990 yara 47 sun rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da shi. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993. A ƙarshen 2008 abin ya sake faruwa da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ke ɗauke da farasitamol, inda aƙalla yara 84 suka rasu a jihohin da suka haɗa da Legas da Kaduna. An ga irin haka a Bangladesh da Haiti a shekarun 1990, da Indonesiya a 2022. A duk waɗannan ba farasitamol ɗin ne ya yi kisa ba, abin da aka narkar da shi ne. Babbar alamar ita ce yaro ya daina fitsari bayan ya sha maganin ruwa.

Mai saye zai iya duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace, da ko murfin kwalbar a rufe yake. Maganin da ya yini a faranti cikin rana a tasha ko kasuwa ba a ajiye shi yadda ya kamata ba, ko da na gaske ne. A gida a ajiye shi a wuri mai sanyi da yara ba sa kaiwa, don na ruwan zaƙi gare shi.

Wasu abubuwan da ake yi da shi

Hukumomin lafiya a Najeriya sun sha gargaɗin masu sayar da abinci da ke jefa farasitamol a tukunya don nama ko ganda su yi saurin laushi. Zafi yana iya farfasa maganin ya koma wani sinadari mai cutar da ƙoda, kuma mai cin abincin bai san ya sha magani ba balle ya sa shi a lissafi.

Tun wajen 2017 wani saƙo ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa ƙwayar da aka rubuta wa P-500 tana ɗauke da ƙwayar cutar Machupo. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun ƙaryata shi.

Ba a ba dabbobi farasitamol sai da izinin likitan dabbobi. Kyanwa ba ta da sinadarin hanta da ke sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Macizai ma haka. A tsibirin Guam da ke tekun Fasifik, hukumomin Amurka sun riƙa jefa matattun ɓeraye daga jirgi mai saukar ungulu, kowanne da miligiram 80 na farasitamol a jikinsa, don rage wani macijin bishiya da ya kusa ƙarar da tsuntsayen tsibirin.